Wane tsarin wasan labari ya dace da abokan da za su riƙa haɗuwa ta intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne, abokai tun daga jami'a, yanzu aiki ya raba mu gari-gari. Muna son fara wasan nan da mutum ɗaya yake jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, a riƙa jefa dayis don a ga abin da zai faru, kuma ni aka ɗora wa jagoranci. Za mu riƙa haɗuwa awa biyu duk daren Asabar, yawancinmu ta waya, sannan mutum uku ba su taɓa yi ba. Shin mu kama Dungeons & Dragons tunda shi ya fi suna, ko akwai wanda ya fi dacewa da mu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ya fi jan hankalina a tambayarka shi ne awa biyun nan da kuma wayoyin da za ku shiga da su, domin su ne za su yanke hukunci fiye da sunan kowane wasa.

Dungeons & Dragons ya cancanci sunan da ya yi. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974, bugu na biyar ya fito a 2014, aka sabunta shi a 2024, kuma ana samun ƙa'idojinsa na masu farawa kyauta. Sai dai mafi yawan ƙa'idojinsa a kan faɗa suke: wa zai fara kai hari, taku nawa jarumi zai yi, ina kibiya za ta kai. Irin wannan lissafi ya fi tafiya daidai idan kowa yana kallon taswira mai gida-gida kamar ta dara, wadda ake buɗewa a shafuka irin su Roll20 ko manhajar Foundry. A kan kwamfuta abin yana da daɗi, amma a fuskar waya, ga data tana zurarewa, ga sabis yana ɗaukewa, faɗa guda tsakanin jarumai biyar da abokan gabarsu zai iya cinye rabin zamanku, alhali sababbin nan uku suna ta neman inda lambobinsu suke a takardar bayanan jarumansu. Pathfinder, wanda kamfanin Paizo ya fitar a 2009 ya kuma sake fasalinsa a 2019, ya ma fi shi yawan lissafi, don haka ku ajiye shi tukuna.

Abin da zan ba ka shawara a kai shi ne dangin wasannin da suka samo asali daga Apocalypse World na shekarar 2010, kuma idan labarin takobi da dodanni kuke so, Dungeon World na 2012 yana cikin wannan dangi. Babbar ƙa'idarsu ɗaya ce, wadda mutum zai haddace a zama guda. Ɗan wasa zai jefa dayis biyu masu fuska shida, irin na lido, ya haɗa da ɗan adadin da ke takardarsa. Idan ya samu 10 ko fiye, ya yi nasara. Idan ya samu 7 zuwa 9, ya yi nasara amma da wata asara ko zaɓi mai wuya. Idan 6 ne ko ƙasa, sai jagora ya jefo masa matsala. Kafin a ƙara komai, hanyoyi 15 cikin 36 da dayis biyu za su iya faɗuwa suna ba da 7 zuwa 9, wato sakamakon tsakiyar nan zai riƙa zuwa a kai a kai, kuma shi ne yake sa labari ya ci gaba da motsi ba tare da ka kwana kana shiri ba. Jagora ba ya jefa dayis a yawancinsu, ba a buƙatar taswira, murya kaɗai a manhajar hira ta Discord ta wadatar. Idan sabis ya yanke wa mutum ɗaya na minti biyar, babu wani layin juyi da zai tsaya jiransa.

Sai dai kada in ɓoye maka nauyin da ke ciki. Wannan tsari yana buƙatar jagora mai saurin ƙirƙira, wanda zai iya faɗin asarar da ta biyo bayan 8 nan take, kuma ba kowa ne yake jin daɗin hakan ba. Idan kai mai son shiryayyen labari ne, duba Call of Cthulhu na kamfanin Chaosium, wanda ya fito a 1981. Wasan bincike ne da ban tsoro, galibi a shekarun 1920, kuma kowace gwaninta ana rubuta ta ne da kaso cikin ɗari: wanda yake da 60 a bincike, ya jefa 60 ko ƙasa, ya dace. Sabon shiga yana gane wannan nan da nan. Amma jarumansa suna yawan mutuwa ko zaucewa, saboda haka ya fi kyau ga gajerun labarai fiye da wanda za a shekara ana yi.

Kafin ka sa kowa ya karanta littafi, ka ware Asabar ta farko don tattaunawa kawai. Tambaye su ko faɗa suke so, ko bincike, ko makircin fada, sannan ku yi ittifaƙi a kan abin da ba za a kawo ba. Yawancin waɗannan wasanni cike suke da tsafi da allolin ƙirƙira, kuma akwai wanda ba zai sake da su ba, gara ka ji tun yanzu. Daga nan ku gwada labari mai zama uku da tsarin dayis biyu, da jaruman da ka riga ka cike musu takardu. Idan bayan zama ukun abokanka suna tambayar taswira da ƙarin dabarun yaƙi, to Dungeons & Dragons suke nema, sai ku koma gare shi, ka nemi waɗanda suke da kwamfuta su riƙa motsa wa na waya jarumansu.