Kar ka ranto kuɗi don tara laptop

Wani ɗan kasuwa daga Beirut Road a Kano ya turo: "Malam, laptop nake sayarwa. Ƙanin matata da ke Dubai ya ce RAM ta yi tsada, kaya za su tashi. Jarina miliyan 8 ne, ina so in ranto miliyan 12 in cika shago in jira. Ya ka gani?"

Alhaji, yaron bai yi maka ƙarya ba. RAM ita ce memorin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a ciki, kuma kamfanoni uku ne ke riƙe da yawancin RAM ɗin duniya, Samsung da SK Hynix a Koriya ta Kudu sai Micron a Amurka, kuma tun ƙarshen 2025 masu gina manyan rumbunan kwamfuta na AI suka rinƙa kwashe kayan, dole masu ƙera laptop irin su HP da Dell da Lenovo su ji a jikinsu. Amma kuskurenka shi ne ka ɗauki laptop kamar gero, a saya da kaka a ɓoye sai bazara. Laptop tana tsufa a cikin kwali, batir na mutuwa, sabon samfuri na fitowa ya karya mata daraja, shi kuwa bashi ba ya jira.

Ai mun ga irin wannan. A 2021 chip, wato 'yan ƙananan sassan da ke zama ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta, ya yi ƙaranci har Apple ya ce ya rasa cinikin kusan dala biliyan 6 a wata uku, kowa ya ruɗe yana oda fiye da buƙata, 2022 na shigowa ciniki ya mutu kaya suka jibge a sito. A farkon 2023 ribar Samsung ta faɗi da sama da kashi 90 cikin ɗari, dole ya rage ƙera memori. Masu hannun jari ma, da ke da ma'aikata suna bin lissafin nan dare da rana, da sun ji ƙishin-ƙishin faɗuwar ciniki sai su sayar da hannun jarinsu su gudu, to kai da labarin WhatsApp guda ɗaya za ka ci bashin da ya fi jarinka?

Na san wani da ya yi hakan a lokacin, ya cika shago har saman silin da laptop masu injin Core i5 tsofaffin yayi, bayan wata takwas yana sayarwa ƙasa da yadda ya saro don kawai ya rufe bakin mai bashi, ƙarshe motarsa ta tafi. Waɗanda suka riƙe kaya suka tsira kuwa faɗuwar naira daga tsakiyar 2023 ce ta cece su, ba wai sun iya hasashe ba ne.

Ɗauko littafin shago ka duba guda nawa kake sayarwa a wata. In 15 ne, saro na wata biyu ko uku da kuɗinka, irin waɗanda ɗalibai da 'yan ofis ke tambaya kullum, ka ƙara RAM da SSD (ma'ajiyar fayil ta cikin laptop) kaɗan tunda su ne ke tashi kuma ba sa cin wuri. Ƙanin matarka kuma ka tambaye shi nawa zai zuba nasa a ciki, a rubuta a takarda gaban shaidu.