Kafin ka faɗaɗa ramukan top silinda

Ɗana, ka ce in muka gurje ramukan iska na top silinda suka yi faɗi, muka ɗora kamshaf, sandar nan da ke buɗe bawul, mai babban tozo, ai dole mota ta ƙara ƙarfi. Ajiye sifanar nan ka zo.

Injin yana son iska mai yawa, amma yana son ta da gudu. Ka san in ka matse bakin tiyo ruwa ya fi yin nisa. Haka ramin nan yake. Bawul ɗin shan iska ba ya rufewa sai fistan ya kai ƙasa har ya fara hawowa, kuma gudun iskar ne ke ci gaba da cusa ta cikin silinda a wannan ɗan lokacin. To in rami ya yi faɗi da yawa, kamshaf kuma ya daɗe yana riƙe da bawul a buɗe, injin na juyi a hankali, fistan zai turo iskar baya. Silo, wato juyin injin in ba a taka totur ba, ya lalace, mota tana kakkarwa a tsaye, birki ya yi tauri, tashi daga danja ya zama wahala. Ƙarfin yana can sama, wajen juyi 6,000 a minti, inda direban tasi ba ya kaiwa.

Dubi injin 4A-GE na Toyota, mai lita 1.6, da ya fito a 1983. Na farkon manyan ramuka gare shi, har sai da suka sa masa T-VIS, wasu 'yan marufai da ke toshe rabin hanyar iska in juyi ya yi ƙasa. Daga baya suka ƙanƙance ramukan, suka cire T-VIS, suka rage daɗewar da kamshaf ke riƙe bawul a buɗe daga digiri 240 zuwa 232, suka ƙara kwamfireshan, wato matsewar iska a cikin silinda. Ƙarfi kuwa ƙaruwa ya yi.

Don haka fara tambayar mai mota aikin da take yi. Ta cikin gari ko ta ɗaukar kaya, bar mata raminta, share ƙurajen ƙarfen kawai, kamshaf matsakaici. Ta tsere ce ake faɗaɗa wa, a haɗa da babban kamshaf, sifirin bawul mai ƙarfi da salansa mai faɗi.

Ƙarfen da ka gurje ba ya dawowa, wannan ne ke damuna. Kuma duk kamshaf ɗin da ka canza, manna ɗan yumɓu a kan fistan, ɗaura top, juya injin da hannu sau biyu, kwance ka auna kaurin da ya rage, don ka tabbatar bawul ba zai bugi fistan ba, kafin ka tayar.