Me Ya Sa Ake Ƙara Matsin Iska a Kan Abin da Geji Ya Nuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin injiniyanci ne a Jos. An ba mu lissafi cewa geji ya nuna 220 kPa (kilopascal, ma'aunin matsi) a tayar mota, aka ce mu nemo cikakken matsin iskar da ke cikinta. Malaminmu ya ce a ƙara 101.3. Ni dai ban ga dalili ba, tunda ai cikin tayar geji ya auna. Daga ina wannan ƙarin ya fito, kuma ko yaushe 101.3 ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malaminku ya yi daidai, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Je ka tsaya wajen mai faci. In aka kawo masa tayar da ta sace sarai, ya ɗora geji a bakin bawul, allura ba za ta motsa daga sifili ba. Amma tayar nan ba fanko take ba. Akwai iska a cikinta, sai dai ƙarfinta ya zo daidai da na iskar waje. Yawancin geji mai allura yana da wani lanƙwasasshen bututun ƙarfe a ciki, irin wanda Eugène Bourdon na Faransa ya ƙirƙiro a 1849. Iskar taya tana shiga bututun tana neman miƙar da shi, iskar waje kuma tana danne shi ta baya. Abin da allura ke nunawa shi ne rarar da ke tsakaninsu. Wato geji yana fara ƙidaya ne daga matsin iskar da ke kewaye da shi, ba daga inda babu iska ko kaɗan ba.

Saboda haka: cikakken matsi = matsin geji + matsin iskar wurin. A lissafinku, 220 + 101.3 = 321.3 kPa. Da ma'aunin masu faci kuwa, 220 kPa kusan 32 psi ne, matsin iska kuma 14.7 psi, jimilla 46.7 psi. Ka dai kula kada ka haɗa psi da kPa a layi ɗaya, nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi burge ni, domin amsarta a'a ce. Adadin nan 101.325 kPa matsin iska ne a daidai tsayin teku, kamar a Legas. Duk yadda ka yi sama, iskar da ke kanka tana raguwa, nauyinta ma haka. Tun 1648 masanin kimiyya Blaise Pascal ya sa aka hau dutsen Puy de Dôme na Faransa da ma'aunin iska aka tabbatar da wannan. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, matsin iskarta bai wuce wajen 88 kPa ba. To tayar da geji ya ba ta 220 a Jos, cikakken matsinta wajen 308 kPa ne. Juya abin kuma: ka yi wa taya iska 220 a Legas, ka hau da motar Jos, ka bari tayar ta huce zuwa zafin da take da shi da farko. Geji zai nuna wajen 233, alhali ba wanda ya ƙara mata iska. Ta waje ce ta yi sauƙi.

A jarrabawa, in ba a faɗi wuri ba, yi amfani da 101.3. A wajen aiki kuwa, nemi matsin wurin. Kuma kada ka dogara da adadin da manhajar yanayi ke nunawa a waya, domin galibi an riga an mayar da shi daidai da tsayin teku, shi ya sa za ka ga kusan 1013 hPa, wato 101.3 kPa, ko a Jos kake.

Inda rashin yin ƙarin yake ɓata lissafi shi ne dokokin gas, kamar wadda ke nuna yadda matsin iska ke ƙaruwa da zafi. Taya mai 220 kPa a Jos da safe, zafinta 20°C, ta yi gudu a kwalta ta kai 50°C. Sai ka mayar da zafin zuwa ma'aunin kelbin ta hanyar ƙara 273, wato 293 da 323, ka lissafa 308 × 323 ÷ 293, ka sami wajen 340. Cire 88, geji zai nuna wajen 252. Wanda ya yi lissafin da 220 kai tsaye, 243 zai samu, ya yi kuskure.

Haka yake in allura ta koma ƙasa da sifili, kamar lokacin da mai gyaran firiji ke zuƙe iska daga bututu da famfo. Ƙa'idar ba ta canza ba: −60 kPa a Jos yana nufin 88 − 60, wato 28 kPa. Kuma komai kyan famfon, allurarsa ba za ta gangara ƙasa da wajen −88 a can ba. Adadin da kamfanin mota ya rubuta a jikin ƙofa kuwa na geji ne, sai mai faci ya bi shi yadda yake, ba tare da ƙara komai ba.