Keken da zai kai ka Hawan Kibo ya kuma dawo da kai

Tambaya: Ni mazaunin Kano ne, kuma na saba fita da keke ranakun Asabar. Abokaina na Jos sun gayyace ni wani zagaye: mu tashi daga Jos mu bi Bukuru, Vom, Kuru, Riyom, mu gangara Hawan Kibo mu ga ruwan Assop mai zubowa daga kan dutse, sannan mu hauro mu koma gida ta Mararrabar Jama'a. Sun ce tafiyar ta haura kilomita 100. Kekuna biyu na hannu nake ciniki. Ɗaya na kabon ne, wato an yi jikinsa da zaren kabon maimakon ƙarfe, ba nauyi ko kaɗan, ga kyau. Ɗayan na alminiyom ne, ya ɗan fi nauyi amma ya fi araha sosai. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka sake ɗaga su ka ji nauyi, tsuguna ka ƙirga haƙoran giya. A can maganar take.

Kano shimfiɗe take, kusan kowace giya za ta yi maka aiki. Jos kuwa tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, hanyoyinta hawa da gangara ne, kuma Hawan Kibo shi ne bakin tudun baki ɗaya. Duk abin da ka gangara, da ƙafarka za ka biya shi a dawowa, bayan ka riga ka ci fiye da rabin ƙarfinka. Tsofaffin kekunan tsere da ake kawowa daga Turai sukan zo da faranti biyu a gaba, mai haƙora 53 da mai 39, a baya kuma babban faranti bai wuce haƙora 25 ba. An yi su ne don matasa masu gasa. Abin da kake nema shi ne 50 da 34 a gaba, a baya kuma wanda ya kai 32 ko 34. Da 34 a gaba da 34 a baya, juyin feda ɗaya juyin taya ɗaya ne, sai ka zauna a sirdi kana murzawa a hankali har ka ƙure hawan. Da 39 da 25 kuwa, kowane juyin feda sai ya juya taya sau ɗaya da rabi da ɗoriya, kuma tun a tsakiyar hawa gwiwa za ta fara kai ƙara.

Sai batun kabon. Sabo ba shi da laifi. Na hannu ne abin tsoro, domin alminiyom idan ya bugu yakan loɓa ka gani da idonka, kabon kuwa yana iya tsagewa daga ciki fenti ya rufe. Ba ka san sau nawa ya faɗi ba, ba ka san abin da aka jibga masa a kwantena ba. In ba ka da wanda ya san kansa da zai duba maka, ɗauki na alminiyom. Bambancin kilo ɗaya ko biyu kusan nauyin gorar ruwa biyu ne kawai. Ragowar kuɗin ka zuba a sabuwar sarƙa, sabbin robobin birki da wayoyinsu, da tayoyi masu faɗin milimita 28, ko 32 in ƙirar keken ta ba da wuri. Siririyar taya mai 23 ba ta jure ramuka da tsakuwar gefen titi.

Game da kayan giya, in ka ga Shimano Claris, Sora ko Tiagra, sun ishe ka. Masu hawa 8 da 9, wato yawan farantan giya na baya, ma sun fi sauƙin samun sarƙa a kasuwanninmu fiye da masu hawa 11. Kada dillali ya ruɗe ka da yawan hawa.

Kuma keken ya zama daidai tsawonka. Hau ka gwada: idan feda tana ƙasa, gwiwarka ta ɗan lanƙwashe kaɗan, hannu ya kai birki ba tare da ka miƙe kamar mai ɗauko abu a kan rumfa ba. Keken da ya yi maka girma, ko kyauta aka ba ka, ciwon baya ka karɓa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Gangaren Hawan Kibo hanya ce ta tireloli da tankoki masu zirga-zirga tsakanin Jos da Akwanga, kuma an daɗe da sanin sa da haɗurran manyan motoci da birki ya ƙwace musu. Da ni ne, a fitar farko zan tsaya a Riyom, in kalli duwatsun nan da ke ɗore kan juna, in juyo. In kun nace sai kun sauka, kada ka damƙe birki tun daga sama har ƙasa. Birkin da ke kama gefen wili yana ɗumama shi har ƙarfin kamun ya ragu, wani lokaci tub ya fashe. Kama da ƙarfi, saki, sake kamawa, kuma rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba.

Tambaya: Mahaifina yana da Phoenix baƙi mai kariya, lafiyarsa lau. Ba zai yi irin wannan tafiya ba?

Amsa: Yaro, wannan keke ya shekara da shekaru yana ɗaukar buhunan hatsi da mutanen karkara, ba mai raina shi. Amma giyarsa ɗaya ce, juyin feda ɗaya yana juya taya fiye da sau biyu, ga nauyin ƙarfe, ga birkin sanda da ba ya kamawa sosai in wili ya jiƙe. Daga Bukuru zuwa Vom ka dawo, zai yi. Dogon zagaye kuwa turawa za ka yi ta yi. In kuɗinka kaɗan ne, nemi na hannu irin mai manyan tayoyi da ake kira keken hawan dutse. Giyarsa ta hawa ta fi ta keken tsere sauƙi ma. Sauya masa taya zuwa marar kaushi, ya wadatar.

Tambaya: Mu huɗu ne daga Bauchi, muna son yin irin wannan zagaye, mun riga mun sayi kekuna. Me ya rage mu saya, kuma wane lokaci ya fi dacewa? Ɗayanmu ya ce shi kam ba zai sa matsattsen gajeren wandon nan ya ratsa ƙauyukan mutane ba.

Amsa: Abokinku yana da gaskiyarsa, kuma maganin mai sauƙi ne. Amfanin wandon shi ne soson da ke cikinsa, wanda ke hana sirdi goge fata. Ya saya ya sa a ciki, ya ɗora dogon wando marar nauyi a kai, ya ɗaure ƙafar dama kada sarƙa ta kama. Ba wanda zai san yana sanye da shi.

Hular kwano ta keke dole ce, kuma sabuwa. Wadda ta taɓa bugun ƙasa ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba.

Abin da ya fi kama baƙi shi ne faci. Mai gyaran keke na ƙauye tub ɗin da yake ajiyewa na baƙin keke ne, 28 da 1½, wilinsa milimita 635. Na keken tsere 700c ne, milimita 622, kuma siriri. Ga shi bakin iskar yawancin kekunan tsere siriri ne, irin Presta, famfon mai faci ba ya kama shi. Don haka kowa ya riƙe tub biyu nasa, da ƙaramin famfo, da abin ɓanɓare taya, da gam da faci, da ƙananan makullan alanki. Ku koyi sauya tub a tsakar gida tun kafin ranar.

Lokaci kuwa, Nuwamba ya fi daɗi: ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta gama bushewa ba. A Disamba da Janairu sanyin asubar Jos yakan sauka kusan digiri 10, iskar gangara kuma tana ƙara shi, sai an sa safar hannu da rigar tare iska. Yuli da Agusta ku bar su, ruwa ne kusan kullum, titi da santsi. Sanyi yana ɓoye ƙishi, saboda haka ku sha kusan rabin lita a kowace awa ko ba ku ji ƙishirwa ba. Ku zuba dabino da gyaɗa a aljihu, ku sayi ayaba a hanya, ku riƙa ci kaɗan-kaɗan tun yunwa ba ta zo ba. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin ba ko'ina tiransifa ke tafiya ba.

Maganar tsaro ba ta ɓoyuwa. Yankunan Riyom da Barikin Ladi sun sha fama da hare-hare shekara da shekaru. Ku tambayi mazauna wurin halin da ake ciki a daren da za ku fita, ku tafi da ɗan gari, ku tsaya kan babban titi, kowa da katin shaidarsa saboda shingayen jami'an tsaro. A ƙauyukan Birom ku rage gudu saboda yara da awaki, ku yi gaisuwa, kada ku ɗauki hoton mutum ko gonarsa ta acca ba izini. Ku tashi da gari ya waye sosai, ku tsara yadda la'asar za ta same ku a cikin Jos. In azahar ta yi ba ku kai rabin hanya ba, ku juyo daga inda kuke.