Amsoshin tambayoyinku: kafin ka sayi sabon suwic, leƙa ƙarƙashin tebur

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon yawancinsu kan suwic ne, wato akwatin da ake soka wayoyin kwamfutoci a ciki don a haɗa su a netwok ɗaya, bari mu fara da wanda ya fi tayar min da hankali.

Wani ƙanina da ke kula da kwamfutocin wata cibiyar CBT a Kano ya ce netwok ɗinsu ya tsaya cak ana tsaka da gwaji, fitilun suwic duk suna ƙyaftawa tare da gudu, in an kashe an kunna sai ya yi minti kaɗan ya sake mutuwa. Oga ya ce suwic ɗin ne ya lalace a sayo sabo, shi kuma yana tsoron a ce laifinsa ne a sallame shi.

Ƙanina kwantar da hankalinka, kuma ka roƙi oga ya riƙe kuɗinsa tukunna. Alamun nan na luf ne, wato wata waya ta fita daga suwic ta zagayo ta dawo cikinsa, ko an haɗa suwic biyu da waya biyu. Saƙon da ke yawo tsakanin suwic da suwic ba shi da wa'adin mutuwa, shi ya sa in ya samu hanyar zagaye sai ya yi ta juyawa yana ninkuwa har ya cinye layin gaba ɗaya, kamar a kai makirfo bakin lasifika a masallaci. Ka riƙa zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, wadda ka zare fitilu suka lafa, bi ta har ƙarshenta. Sau da yawa za ka tarar da ƙaramin suwic mai fot 5 (ramukan soka waya) da wani ya ɓoye ƙarƙashin tebur, ko wani ya ga waya a ƙasa ya soka ta a ramin bango don taimako.

In ka gano, shiga cikin suwic ɗin ka kunna RSTP, wato sabon samfurin STP, dabarar da suwic ke gano luf da ita ya toshe hanyar da ta zagayo. Babban suwic da ke haɗe da saba (babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita) ka rage masa lambar fifiko zuwa 4096, domin galibi suna zuwa da 32768 kuma mai ƙaramar lamba shi ke zama shugaba, in ka bar su a haka to mai ƙaramar lambar MAC (lambar da kowace na'ura ke zuwa da ita daga kamfani) ne zai ci, kuma sau tari shi ne tsohon da ya fi kowa gajiya a lungu. Fot ɗin da kwamfuta ke ciki ka sa musu Edge Port (Cisco na kiransa PortFast) don su fara aiki ba jira, tare da saitin tsaro na BPDU Guard, duk wanda ya jona suwic mai magana da STP a wurin ko ya zagayo da waya, fot ɗin zai rufe kansa sauran jama'a su ci gaba da aiki. Kada ka sa BPDU Guard a wayar da ta haɗa suwic da suwic, za ka yanke rabin ɗakin da hannunka. Ka ƙara Storm Control, saitin da ke taƙaita ambaliyar saƙonni a fot. Sannan don Allah ka yi sebin, wato ka adana saitin, a Cisco ka rubuta write memory, a sauran ka nemi Save Config, in ba haka ba NEPA na ɗaukewa aikinka ya tafi kafin a tada janareto.

Anan ne nake son mu yi magana ta gaskiya da masu kuɗin. Alhaji zai fidda maƙudan kuɗi, kun san yadda dala take, ya sayo suwic mai saiti don an ce masa shi ne mai kyau, a ciro shi daga kwali a rataye a bango a soka wayoyi, shikenan. Shekara biyu ba wanda ya taɓa buɗe shafinsa, faswod ɗin da ya zo da shi daga kamfani yana nan. To me ka saya kenan? Kuɗin da ka ƙara a kan na mara saiti ai na waɗannan abubuwan ne da na lissafa, in ba a saita su ba ka zubar da su ne kawai. Kuma wasu suwic ɗin suna zuwa da STP a kashe, sai an shiga an kunna. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutum zai biya kuɗin ƙarfe ba ciniki amma in yaron da zai saita ya faɗi ladansa sai a ce ya cika tsada, a kira wanda ya iya matse kan waya kawai. Wannan matsalar ba sabuwa ba ce, tun 1985 Radia Perlman ta fito da dabarar STP, RSTP kuma ya zo a 2001. Kuma ba ƙananan wurare kaɗai take kayarwa ba, a Nuwamban 2002 asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston a Amurka sai da ya koma aiki da takarda na kusan kwana 4 saboda rikicin STP a netwok ɗinsu. In wurin da ke da ƙwararru ya sha haka, kai da ɗalibai ke zaune a gabanka agogo na tafiya fa?

Wani kuma ya ce kwamfutocinsa na jinkirin samun IP (adireshinsu a netwok) in an kunna, abokinsa ya ce ya kashe STP gaba ɗaya. Haba malam. Jinkirin daƙiƙa 30 ɗin na tsohon STP ne, 15 yana saurare 15 yana koyo. Koma RSTP ka sa Edge Port, magana ta ƙare. Abokin nan kada ka ƙara ba shi faswod.

Ɗan'uwa daga Kaduna ya ce an yi masa tayin Cisco 2960 tokumbo da araha, ya saya ko ya ɗauki sabon TP-Link? Tokumbo na gaske yana aiki sosai ba na musu, amma jabu na yawo, a 2020 kamfanin F-Secure ya binciki jabun 2960-X waɗanda ba a gane su ba sai da aka sabunta musu manhaja suka daina aiki. Kada ka biya sai an kunna a gabanka, a jona wayar konsol (wadda ake shiga suwic da ita daga kwamfuta), ka rubuta show version ka ga bayanansa, lambar siriyal ta ciki ta yi daidai da ta jikin ƙarfen, ka gwada fot ɗaya bayan ɗaya saboda tsawa na ƙona su ɗaiɗai, ka saurari fanka, kuma ka tabbatar an goge faswod ɗin mai shi na da. Mai shago in ya ce ba wuta ba za a gwada ba, tafi abinka. A ɓangaren TP-Link ma ka buɗe ido, irin su TL-SG108E suna da Loop Prevention amma ba su da STP, ya isa ƙaramin ofis amma ba zai yi shugabancin suwic da yawa ba. Ka ga RSTP ko 802.1w (lambar da ake kiransa da ita) a rubuce a takardar bayanin kayan kafin ka ciro kuɗi, kalmar Smart a jikin kwali ba hujja ba ce.

Hajiya mai shagon atamfa da kyamara 4 da kwamfuta ɗaya, hankalinki ya kwanta, ba kya buƙatar suwic mai saiti. Ƙaramin suwic mai PoE, wato mai ba kyamara wuta ta wayar netwok, ya wadatar, ragowar kuɗin ki sa a UPS (batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke) da waya ta jan ƙarfe zalla, ki ce ban da CCA, wato alminiyam da aka lulluɓe da jan ƙarfe.

Na ƙarshe, mai tambaya ko in ya ja waya biyu tsakanin suwic biyu gudu zai ninka. Haka kawai a'a, in akwai RSTP zai toshe ɗaya ya ajiye ta ko-ta-kwana, in babu kuma ka haɗa luf da kanka. Sai ka haɗe fot ɗin biyu da LACP, saitin da ke sa su yi aiki kamar hanya ɗaya, a duka ɓangarorin, kuma ka gama saitin kafin ka soka waya ta biyu.