Hoto a gidan Nomura: yaushe ya fi kyau?

Malam, ka tambayi lokacin da ya fi dacewa da ɗaukar hoto a gidan Nomura, tsohon gidan samurai (mayaƙan Japan na zamanin dā) da ke unguwar Nagamachi a Kanazawa, ƙasar Japan. Ni dai shawarata ka yi sammako, kafin baƙi su cika wurin. Lambun gidan ƙarami ne ƙwarai, ba a shiga cikinsa, daga barandar katako ake kallo. Ka tuɓe takalmi, ka zauna ƙasa, ka haɗa ginshiƙan gidan da fitilun dutse da kifayen koi (kifayen ado masu launi) cikin hoto ɗaya. Ranar da aka yi yayyafi ma ta fi, domin gansakuka kan yi shar. Ka hau bene, ɗakin shan shayi, ka hango lambun daga sama.