Amsa ga uwar riƙo da za a karɓi yaronta

'Yar'uwa cikin Almasihu, kin ce yaron da kika riƙe tun yana shekara 2 ya kai 8, dangin mahaifinsa suna so su karɓe shi, kuma kina tambaya ko wahalarki ta tafi a banza. Ba ta tafi ba.

Ki tuna da Hannatu a 1 Sama'ila sura 1 da 2. Da ta yaye ɗanta, sai ta miƙa shi ga Eli, firist ɗin da ke Shilo, kuma kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Bulus ma ya nuna a 1 Korantiyawa 3:6 cewa wani ke shuka, wani ke ban ruwa, amma Allah ne ke sa girma. Addu'ar da kika koya masa kafin barci, da daren da kika kwana kina goga masa jiƙaƙƙen tsumma saboda zazzaɓi, ranar rabuwa ba za ta shafe su a gaban Ubangiji ba.

Kuka ba rashin bangaskiya ba ne. Shawarata ita ce ki zauna da dangin tare da fastonku a tsara yadda za ki riƙa ziyartarsa, sannan ki ba shi Littafi Mai Tsarki da kika rubuta sunansa a ciki da hannunki.